Daga littafi zuwa fim: inda marubutanmu ke tuntuɓe

Wata ƙanwata a nan Katsina, wadda ta fitar da littattafai uku, ta kawo mini sikirif ɗinta na farko, wato rubutaccen labarin fim, in duba. Shafin farko kacokan a zuciyar wata Hajiya ya ƙare: tana saƙe-saƙen kishiya, tana ƙiyasta abin da dangin miji za su ce. Na ce, "Ƙanwata, da wace kyamara za a ɗauko wannan?"

Nan marubucin littafi ya fi faɗuwa. Alƙalami yana shiga zuciya, kyamara kuwa iyakarta abin da ido ya gani, kunne ya ji. Gyaran shi ne a mayar da tunanin aiki. Hajiya na zuba wa maigida miya, ta hango takalmin amarya a ƙofar turaka, sai ta tsame naman ta mayar tukunya. Ba ta ce uffan ba, amma kowa ya gane.

Sai tsawon zance. Mu Katsinawa ba ma gajiya da gaisuwa, amma a fim shafi ɗaya kusan minti ɗaya ne, fim mai minti 90 bai wuce shafi 90 da 'yan kai ba. Idan "ina gajiya, ya iyali" ta cinye rabin shafi, an yi asara. A fara kowace fitowa, wato kashi ɗaya na fim, bayan an gama gaisawa.

Akwai kuma mantawa da aljihun furodusa. "Hawan Sallah ya taso daga Ƙofar Soro" layi ɗaya ne a takarda. A lokeshan kuwa dawakai ne, da kayan ado, da abincin ɗaruruwan mutane. Idan labarin zai tsaya da yaro yana jiyo tambari daga zaure, a bar shi a zauren. Kowace fitowa kuma a rubuta mata ciki ko waje, wane wuri, dare ko rana.

Kada gaggawa ta ci ku. Hajiya Balaraba Ramat Yakubu ta fara fitar da littafi a 1987, amma Juyin Sarauta, fim ɗin da ta rubuta ya ci kyaututtuka, sai bayan shekara 30 ya zo.

Ƙanwar tawa ta rage shafi 40, tana yi tana tsaki. Na hana ta tura wa kowa ta WhatsApp sai an rubuta yarjejeniya: nawa ne kuɗinta, yaushe za a biya, kuma sunanta zai fito a matsayin marubuciya.