Kifin zinare ba ya rayuwa a kwalba: kurakuran da ke kashe shi a gidajenmu

Mutum zai shiga birni ya ga kifin zinare, wanda masu sayarwa ke kira golfish, yana kaɗa wutsiya a cikin gilas, sai ransa ya biya. A ɗauro masa biyu ko uku a leda, ya kamo hanyar Gezawa ko Ringim, yara su tare shi da murna. Kwana huɗu, biyar, a wayi gari kifi ya kife ciki sama. Sai a ce kifin Turawa ne ba ya son ruwanmu, ko a ce baki ne ya kama shi. Ba ko ɗaya. A ƙasar Sin aka fara kiwonsa fiye da shekara 1,000 da suka wuce, yana cikin kifayen ado mafiya juriya, kuma in ya samu kulawa yakan yi shekara 10 zuwa 15. Abin da ke kashe shi cikin mako guda kurakurai ne ƙalilan, su ɗin dai ake ta maimaitawa, har abin ya ishe ni.

Uwa uba shi ne mazubi. Kwalbar nan mai kama da tulu da ake gani a hotuna, da robar alawa, da ƙaramin bokitin fenti, duk lita 3 zuwa 5 suke ci, kuma babu wanda ya dace da wannan kifi ko na wata ɗaya. Wanda aka ɗauro maka mai tsawon ɗan yatsa jariri ne. Iri biyu ne suka fi yawa a kasuwa. Mai siririn jiki da wutsiya ɗaya yana kai santimita 25 zuwa 30, kusan ƙafa guda. Mai dunƙulallen jiki da wutsiya biyu kamar bujen amarya yana kai santimita 15 zuwa 20, kaurinsa kamar dunƙulen hannu. Za ka ji ana cewa ai kifi daidai mazubinsa yake girma. Wannan tsumburewa ce, irin ta ɗan akuyan da bai samu nono ba, kuma tsumburarren kifi ba ya daɗewa.

Ga dalilin da ƙaramin mazubi ke kisa. Kifin zinare ba shi da tumbi na sosai, abinci wucewa yake yi ta hanji, shi ya sa yake wuni yana kiwo yana kashi. Bayan kashin da ido ke gani, yana fitar da amoniya ta wajen numfashinsa da ke gefen kai. Duk wanda ya taɓa shiga ɗakin kaji da aka daɗe ba a kwashe ba, warin ya soke shi a hanci har ido ya kawo ruwa, ya san amoniya. A cikin ruwa ba ta da launi. Ruwan yana nan garai-garai kamar a sha, alhali kifin yana ƙonewa a ciki. A lita 4, kwana ɗaya ko biyu ya isa ta taru. A lita 100, adadin nan dai narkewa yake yi, ka samu sararin gyarawa kafin ta yi illa.

Auna da jarkar 'yan garuwa, mai lita 25. Mai wutsiya biyu guda ɗaya yana buƙatar jarka 3, wato lita 75. Duk wanda ka ƙara, ƙara jarka ɗaya da rabi. Wannan ƙa'idar masu kiwo ce a ƙasashen sanyi inda wuta ba ta ɗaukewa, ni kuwa a nan jarka 4 nake farawa da ita, in ƙara 2 a kan kowane sabon kifi. Mai wutsiya ɗaya, gaskiya ba kifin gilas ba ne. Ba ya hutawa da gudu, kowane ɗaya yana son jarka 6 ko fiye, wurinsa babban baho ne ko tankin roba da aka yanke. In za ka san abin da akwatin gilas ke ci, auna tsawo da faɗi da zurfi da santimita, ka ninka su, ka raba da 1,000. Mai 90 da 45 da 45, wato ƙafa uku da ɗaya da rabi da ɗaya da rabi, lita 182 ne, jarka 7 da ɗoriya, ya ishi masu wutsiya biyu guda biyu su sake. Mai 60 da 30 da 30 da aka fi tallatawa lita 54 ne kacal, bai ishi ko ɗaya ba.

Faɗi ya fi zurfi amfani, don ta saman ruwa iska ke shiga. Doguwar randa mai ƙaramin baki da baho mai faɗi, ko da ruwansu ɗaya ne, bahon ne zai raya kifi. Kwalba mai zagaye a nan ma ta gaza, cikinta da faɗi, bakinta tsuke.

Abin da ya sa nake ƙara mudu a kan na Turawa shi ne bazara. Wannan kifin sanyi ne, ya fi sakewa tsakanin digiri 18 da 24. Hunturu bikinsa ne, kada wani ya sayar maka da na'urar ɗumama ruwa. Amma a Afrilu da Mayu, lokacin da zafi ke haura digiri 40 a Kano da Jigawa, ruwan da ke ɗakin kwano marar silin yana wuce 30 cikin sauƙi. Lita ɗaya ta ruwa a digiri 20 tana riƙe oksijin kusan miligiram 9, a digiri 30 sai ya dawo 7 da rabi, a daidai lokacin da jikin kifin ke neman ƙari, kuma dafin amoniya ke ƙaruwa da zafi. Ƙaramin ruwa nan da nan yake ɗumi, babba yana ja. Ajiye tankinka a ɗakin ƙasa ko zaure mai inuwa, nesa da taga da ke kallon yamma. Sayi ma'aunin zafi ka bar shi a ciki. In ya kai 29, buɗe saman, juya 'yar fanka ta riƙa busa fuskar ruwan, ko ka jiƙa buhun algarara ka rufa wa gefen tankin, dabarar randa ce. Kada ka jefa ƙanƙara tsirara. In ta kama dole, sa gorar ruwa daskararriya ta yi iyo a sama, kana duba ma'auni, kada ya sauka fiye da digiri 2 a lokaci guda.

In mai aikin gilas zai haɗa maka, ka ce masa gilas mai kaurin milimita 8 ga mai ƙafa uku, da maɗauri a sama. Gilashin taga mai milimita 3 ko 4 fashewa zai yi. Gam ɗin ya zama silikon zalla, ban da wanda aka sa wa maganin fumfuna don banɗaki. A bar shi mako guda ya bushe, a cika shi a tsakar gida a gani ko yana yoyo. Lita ɗaya kilo ɗaya ce, tankin nan da gilashinsa ya haura kilo 200, buhu biyu na masara ke nan. Ba na teburin talabijin ba ne. Dakalin bulo da aka daidaita da ma'aunin magina, a shimfiɗa farin soson da ake naɗo firji da shi a ƙasa. Wanda ba shi da kuɗin gilas, sabon baho babba ya wadatar, kifin bai damu ba. Sai dai gidan da ke da mai rarrafe, a yi wa bahon murfin raga mai ƙarfi, wannan ba abin wasa ba ne.

Kuskure na biyu shi ya fi ƙona mini rai, don masu ƙoƙari ne ke yin sa. Tsafta ce ke kashe musu kifi. Duk Juma'a a kamo kifi da hannu a jefa a kwanon sha, a zubar da ruwan kaf, a dirje gilas da omo da soson ƙarfe, a shanya duwatsu a rana, a cika da sabon ruwa daga rijiya, a mayar da kifi. Haba malam! Wa ya ce maka tukunyar miya ce? Abin da ke raya tanki wasu ƙwayoyin bakteriya ne da ido ba ya gani, masu zama a jikin duwatsu da soson filta, wato na'urar tace ruwan tanki. Wasu suna mayar da amoniya naitirait, shi ma dafi ne, wasu su mayar da shi naitiret, wanda kifi ke iya jurewa har ranar canjin ruwa. Mako 4 zuwa 6 suke ɗauka kafin su kafu. Duk ranar da ka yi wancan wanki ka kashe su, ka mayar da kifinka ranar farko. Kuma wannan ne ya sa sayen tanki da kifi rana ɗaya ganganci ne. Dabbar da ka tsare, ba ta iya fita ta nemi wani ruwa, amana ce a wuyanka. Tun muna yara muke jin hadisin matar da ta ɗaure kyanwa ba ci ba sha. Kifi ba ya kuka ne kawai.

Yadda nake yi: in cika tanki, in kunna filta, in riƙa jefa ɗan tsunkulen abincin kifi kullum ba kifi a ciki, har wata guda. A makon farko ruwan kan yi fari-fari kamar an ɗiga madara, ƙyale shi, zai washe da kansa. In akwai mai tsohon tanki lafiyayye kusa, roƙi ya matse maka soson filtarsa a naka, kwanakin za su ragu sosai. Mai ruwan gwaji, wanda ake auna dafin da ke cikin ruwa da shi, ya jira sai amoniya da naitirait sun nuna sifili. Wanda kifi ya riga ya zo masa, ya rage abinci, ya canza kwatan ruwan duk bayan kwana biyu har wata ya cika.

Bayan nan, sau ɗaya a mako, zuƙe kwatan ruwan da tiyo, kana bin ƙasa inda kashi ya kwanta, kifin yana ciki abinsa. Soson filta a matse shi sau biyu uku a cikin ruwan da ka zuƙo, launin ƙasa-ƙasan nan da ke jikinsa shi ne dukiyar. Ruwan kuma ka ba zogale ko alayyafo, taki ne.

Filtar da ta dace da mu ta soso ce, mai aiki da ɗan injin iska. Akwai masu jona wa fawa banki ko batirin sola, wat 1 zuwa 3 suke ja, suna kwana suna aiki. Babbar filta mai rufaffen akwati, in wuta ta ɗauke sa'o'i da yawa, bakteriyar ciki shaƙewa suke yi, wuta na dawowa ta turo ruɓaɓɓen ruwa. Ɗora injin sama da bakin ruwa, in ba haka ba yana tsayawa ruwa ya biyo tiyo ya shige shi.

Sai maganin sauro, wanda kusan ba mai kawo shi a rai. Fiya-fiya, da na fesawa, da na kunnawa, duk dafi ne ga kifi ko kaɗan ne, kuma injin iska iskar ɗakin yake zuƙa ya tura cikin ruwa. Ɗakin da tanki yake, gidan sauro za a kafa. Haka jarkar da ta taɓa cin fetur ko maganin feshin gona, ko an wanke sau goma ba ta kusantar tanki. Ware jarka da bokiti da tiyo na kifi kaɗai. Wanda ya dawo daga feshi ko ya shafa mai, kada hannunsa ya shiga ruwan.

Ruwan burtsatse da na rijiya suna da kyau, amma iska ta yi musu kaɗan, a bar su a buɗaɗɗen bokiti kwana guda, zafinsu ma ya daidaita da na ɗakin. Ruwan famfo da rijiyar da aka zuba wa kulorin da damina, a ɗiga musu maganin cire kulorin da masu kifi ke sayarwa. Ruwan kududdufi yana zuwa da matsattsaku da cuta. Wanda aka sa wa alif ma a bar shi.

Abinci, abin da za su cinye cikin minti 2, sau ɗaya ko biyu a rana, da ɗan ganyen latas ko alayyafo da aka tsoma a ruwan zafi. A hana yara jefa tuwo da burodi. Abincin tarwaɗa ya yi musu maiƙo, yana ɓata ruwa. Tarwaɗar kanta in ta girma haɗiye su za ta yi. Kada a gama mai wutsiya ɗaya da mai biyu, mai gudun zai cinye rabon ɗan'uwansa. Tsakuwa daidai baki tana maƙale musu, ko yashi mai laushi da aka wanke tas, ko manyan duwatsu, ko a bar ƙasan haka nan. Murfi na raga ya fi, yana tare mage kuma iska na shiga. Ranar da ka kawo sabo, ɗora ledar a kan ruwan minti 20, ka riƙa ƙara mata ruwan tanki kaɗan-kaɗan, sannan ka ɗebo kifin kaɗai, ruwan ledar a zubar.

In ka tashi da asuba ka tarar da kifi a saman ruwa yana buɗe baki yana rufewa, ko ya kwanta a ƙasa ya matse fikafikai, ko jajayen zare sun fito a wutsiyarsa, kada ka fara da neman magani, kada kuma ka ɓare kafso ka zuba. Canza rabin ruwan da wanda ya kwana, tabbatar injin iska na aiki, duba ma'aunin zafi, ka hana shi abinci kwana biyu. Washegari ka sake canza kwata. In fararen ɗigo kamar barbaɗin gishiri ne a jikinsa, wannan cuta ce daban: gishirin girki zalla, ban da kanwa, giram 1 a kowace lita kullum har kwana uku, a narkar da shi a kofi kafin a zuba, a bar shi a haka mako biyu, duk jarkar da ka canza ka mayar mata da giram 75.