Kurakuran da ke durƙusar da aikin gini, da yadda ake kauce musu

Duk wanda ya taɓa tsayawa a kan aikin gini ya san irin wannan rana. An sauke siminti, leburori sun iso tun da sassafe, birkila na zaune a kan bulo yana jira, amma aiki ya ƙi tashi domin rodi bai zo ba, ko ya zo amma ba kaurin da zane ya nuna ba ne. Kowa sai an biya shi kuɗin wuninsa, alhali ko bulo ɗaya ba a ɗora ba. Mai gini ya ɗora laifi a kan ɗan kwangila, ɗan kwangila ya ɗora a kan mai kawo kaya. Abin da na sha gani kuwa shi ne, laifin yakan girmi wannan rana da watanni. Tun a kan tebur aka yi shi, lokacin da ya kamata a zauna a yi lissafi aka ce a bari sai an fara.

Babba cikin irin waɗannan kurakurai shi ne haƙa tushe kafin zane ya kammala. Mai gini na ɗokin ya ga bango ya tashi, sai ya ce a fara, sauran a ƙarasa a hanya. Ba ƙananan masu gini kaɗai wannan ke kayarwa ba. Shahararren gidan waƙe-waƙe da wasan kwaikwayo na birnin Sidni a Ostareliya an soma shi a 1959, tun masu zane ba su warware yadda rufinsa zai tsaya ba. An yi ƙiyasin dalar Ostareliya miliyan 7 da 'yan shekaru kaɗan. Ba a buɗe shi ba sai 1973, bayan ya laƙume miliyan 102, kuma ginshiƙan da aka riga aka zuba sai da aka sake su domin ba za su iya ɗaukar rufin ba. Sauri ya haifi nawa ke nan.

Gyaran ba shi da wuya, haƙuri kawai yake so. Zane huɗu ne aƙalla: na mai tsara fasalin gini, na injiniyan da ke lissafin ginshiƙai da rodi, na wayarin, da na famfo. A tara masu su a zama ɗaya, a jera takardun a duba inda suka yi karo. A nan ne za a gano cewa bututun banɗakin sama zai ratsa ta tsakiyar ginshiƙin kwance da ke ɗauke da dekin. Idan an gano a takarda, gogewa ce da sake zanawa. Idan ba a gano ba sai bayan an zuba kankare, wata rana za ka iske mai famfo da guduma da kurfi yana fasa abin da ke riƙe da benen, har yana yanke rodi don bututu ya wuce. Shi a ganinsa aikinsa yake yi, kuma babu wanda ya gaya masa abin da yake taɓawa.

Gwajin ƙasa ma yana cikin abubuwan da ake tsallakewa don tsimin kuɗi, da hujjar cewa ai ginin kusa yana nan tsaye. Ƙasa takan bambanta tsakanin fili da fili, musamman inda aka cike rami ko inda ruwa ke kusa. Hasumiyar Fisa ta Italiya da aka soma a 1173 ta fara karkata tun ana kan gina ta, saboda tushe marar zurfi a kan ƙasa mai laushi. Kuɗin gwaji ɗan kaɗan ne a kan kuɗin ginin, kuma shi ne ke gaya wa injiniya irin tushen da zai tsara.

Sai batun ƙiyasi. Mutane da yawa kan ɗauki adadin da wani ya kashe a nasa ginin su mai da shi kasafinsu. Ƙiyasi na gaskiya daga zane ake fitar da shi: yawan kankare, nauyin rodi, adadin bulo, faɗin rufi, kowanne da farashinsa a layinsa. A kai kuma a ware wani abu don abin da ba a zata ba, yawanci kashi 5 zuwa 10 cikin ɗari, fiye da haka idan gyaran tsohon gini ne, domin ba ka san abin da ke bayan filasta ba sai ka ɓare ta. Wannan kuɗi ba na sauya tayil zuwa mai tsada ba ne. Na dutsen da aka ci karo da shi wajen haƙa ne, ko farashin da ya tashi a tsakiyar aiki.

Idan 'yan kwangila uku suka kawo farashi, ɗaya ya faɗo ƙasa sosai, kada ka yi murna tukuna. Araha ba ta ado. Ka jera takardun layi da layi, sau da yawa za ka tarar ya bar wani sashe gaba ɗaya, ko ya rage kaurin rodi, ko kuma yana da niyyar ya mayar da gurbin ta hanyar ƙare-ƙare bayan ya shiga aiki. Ka je ka ga ginin da ya gama shekara biyu ko uku da suka wuce, wanda damina ta riga ta gwada.

Kuskuren da ya fi damuna, wanda kuma nake ganin ya fi kowanne raba mutane da juna, shi ne sauyi da fatar baki. Mai gini ya zo zagaye da yamma, ya tsaya a falo ya ce, "Wannan tagar a faɗaɗa ta, wancan bangon kuma a matsar da shi kaɗan." Foman ya ce to. Babu wanda ya rubuta. Na taɓa kula da wani aiki da aka yi haka a kansa, kuma ina cikin masu laifin domin ina tsaye aka yi maganar. Bayan wata uku aka zo biyan kuɗi, ɗan kwangila ya kawo ƙari, mai gini ya ce shi bai san da zancen kuɗi ba, ya ɗauka ɗan gyara ne. Dukansu gaskiya suke faɗa gwargwadon abin da kowa ya tuna. Tagogin da aka riga aka yi oda a kan tsohon awo kuwa suna jingine a sito, ba su shiga ko'ina. Aiki ya tsaya makonni, mutane biyu da suka fara da mutunci suka daina gaisawa.

Tun daga nan ban ƙara yarda a taɓa komai ba sai an rubuta abu huɗu a takarda ɗaya: abin da za a sauya, nawa zai ci, kwana nawa zai ƙara, sai sa hannun ɓangarorin biyu. Minti goma ne. Abin mamaki, da yawa daga cikin sauye-sauyen da ake nema mai su kan janye da kansa da zarar ya ga farashi a rubuce.

Idan kuwa sauyin ya shafi abin da ke ɗauke da nauyi, maganar ta wuce kuɗi. A otal ɗin Hyatt Regency da ke birnin Kansas a Amurka, an tsara wasu gadojin tafiya guda biyu, ɗaya a saman ɗaya, su rataya a jikin dogon ƙarfe guda. Don sauƙin haɗawa aka mai da shi ƙarfe biyu, gadar ƙasa ta koma rataye a jikin ta sama. Wannan ya ninka nauyin da ke kan mahaɗar gadar sama, kuma ba a sake lissafi yadda ya kamata ba. Ranar 17 ga Yulin 1981 gadojin suka rufto a kan jama'a, mutum 114 suka mutu. A takarda sauyin ɗan ƙarami ne. Don haka duk abin da ya taɓa ginshiƙi, dekin, rodi, ko ƙarin hawa, injiniyan da ya yi lissafin farko ne zai duba ya sa hannu, komai ƙwarewar wanda ke wurin aiki.

Jadawali kuma ba ranar gamawa ba ce kawai da aka rubuta a kwangila. Jerin ayyuka ne da bayanin wanne ke jiran wanne. A kowane gini akwai wata sarƙa ta ayyuka wadda in ɗaya ya makara kwana ɗaya, ginin duka ya makara kwana ɗaya: tushe, ginshiƙai, dekin, rufi, da makamantansu. Tun ƙarshen shekarun 1950 aka fitar da hanyar lissafa wannan sarƙa a Amurka, yanzu kwamfuta na yi, amma ko da biro da takarda ana iya zana ta. Amfaninta shi ne ka san inda za ka sa ido. Katangar waje na iya jira mako biyu ba abin da ya faru. Mai ɗaurin rodi ba zai iya jira ba. Ka kuma san kayan da ke ɗaukar lokaci kafin su iso, irin su tagogi da ƙofofin da ake ƙerawa a kan awo, ka yi odarsu da wuri. Idan aiki ya makara, mutane kan ruɗe su ninka ma'aikata. Wani lokaci yana taimako, amma mutum ɗari ba za su sa kankare ya yi ƙarfi kafin lokacinsa ba.

Tunda an zo kan kankare, a nan ne gaggawa ta fi yin ɓarna a ɓoye. Ƙarfinsa da ake dogaro da shi a lissafi na kwana 28 ne, a kwana 7 bai wuce wajen kashi biyu cikin uku ba. Masu kwaɓa na son ƙara ruwa don ya yi saurin zuba, kuma duk ruwan da ya wuce ƙima ƙarfi yake ragewa. Bayan an zuba, yana buƙatar a riƙa jiƙa shi aƙalla mako guda, domin siminti da ruwa yake haɗuwa ya ƙanƙare, bushewa da wuri cutarwa ce gare shi. Cire katakon da ke tallafe da dekin don a kai shi wani wuri kafin injiniya ya ba da izini ganganci ne. Dokar da nake bi ita ce kada a rufe komai sai an duba an ɗauki hoto: rodi kafin zuba kankare, bututu kafin filasta, a kuma cika bututun ruwa a gwada ko yana yoyo kafin a shimfiɗa tayil a kansa.

Biyan kuɗi ya riƙa bin bayan aiki. Kuɗin kafin alƙalami ba laifi ba ne in yana da iyaka kuma an rubuta yadda za a cire shi, amma da zarar abin da ka biya ya wuce abin da ke tsaye a ƙasa, linzamin ya fita hannunka. A raba biyan a kan matakai da ido ke iya gani. A kuma riƙe wani kaso, galibi 5 zuwa 10 cikin ɗari, a saki rabi a ranar miƙa gini, sauran bayan wa'adin gyaran aibu, wanda yakan kai wata shida zuwa shekara. Haka shi ma mai gini, in an gama mataki ya biya a kan lokaci. Ɗan kwangilar da ba a biya ba leburorinsa ne ke kwana da yunwa, gobe kuma ƙwararrun cikinsu sun tafi wani aikin.

Umarni ya fito ta baki ɗaya. In mai gini, da danginsa, da abokinsa da ya taɓa gini duk suna ba ma'aikata umarni, za a gina abu uku a rushe biyu. A ajiye littafin wurin aiki, kullum a rubuta waɗanda suka zo, kayan da aka sauke, ruwan sama in an yi, da abin da aka yanke.

Lafiyar ma'aikata ba ta cikin abubuwan da ake ragewa. Faɗowa daga sama na cikin abubuwan da suka fi kashe masu aikin gini. Bakin dekin da ba a kange ba, tsani marar ƙwari, ramin da aka haƙa mai zurfi ba a tokare gefensa ba, duk ana iya gyara su da safiya ɗaya. Hular kwano da takalmi mai ƙarfi a sa su cikin ƙiyasi tun farko, don kada a zo ana jayayya a kan wa zai saya.

Ranar karɓar gini kada ka shiga da hannu biyu a aljihu. Ka zo da takarda, ka bi ɗaki ɗaki. Buɗe kowace ƙofa ka rufe, kunna kowane makunni, saki ruwa a kowane banɗaki ka tsaya ka ga ko yana gangarawa wajen magudana ko yana kwanciya a lungu. Rubuta duk abin da ka gani, ku sa hannu tare da ranar da za a gyara. Sannan ka nemi zanen ginin kamar yadda aka gina shi a zahiri, tare da hotunan bututu da wayoyin da aka binne, domin bayan shekara biyar wani zai zo da na'urar huda bango zai rataye wani abu, kuma zai tambaye ka ta ina waya ta bi.