Yadda ake ba da mofin ta jijiya ba tare da jini ya faɗi ba

Ma'aikatan jinya da ke duba alhazai a Makka da Mina su riƙa tuna cewa mofin, kodin da fetidin, wato magungunan kashe zafin ciwo masu ƙarfi, suna sa wasu ƙwayoyin garkuwar jiki su saki wani sinadari mai suna histamin kai tsaye. Histamin yana buɗe hanyoyin jini, sai jinin ya taru a ƙafafu da fata, awon hawan jini ya sauka. Fuska ta yi ja, fata ta yi ɗumi, ƙaiƙayi ya bi layin jijiyar da aka yi allurar. Ga shi kuma mofin kan rage saurin bugun zuciya.

Wanda ke da isasshen ruwa a jiki, yana kwance, da wuya ya ji komai. Dattijon da ya wuni a rana wurin jifa, ya yi gumi, yana kuma shan maganin hawan jini, shi ne abin ji.

A fara auna hawan jini. Idan lambar sama ba ta kai 100 ba, a dakata, a sanar da likita, a sa ƙarin ruwa tukuna. A haɗa mofin miligiram 10 da ruwan gishiri na asibiti (normal saline) har ya cika mililita 10 a sirinji. A tura miligiram 2 a hankali, a jira minti 5, a sake awo, a ƙirga numfashi, sannan a ƙara in da bukata. Gaggawar turawa ita ce ke jawo yawancin matsalar. Kada a bar majiyyaci ya miƙe zumbur. Ya zauna a bakin gado tukuna.

In jini ya faɗi, a tsayar da maganin, a kwantar da shi, a ɗaga ƙafafu, a saki ƙarin ruwa ta jijiya mililita 250 zuwa 500. Naloksan maganin tauyewar numfashin da mofin kan jawo ne, ba ya janye histamin da ya riga ya fita.

Ƙaiƙayi kaɗai bai isa a rubuta wa mutum cewa jikinsa ba ya karɓar mofin ba. Rubutun kan hana shi magani mai amfani shekara da shekaru. Amma kumburin leɓe ko harshe, ko numfashi mai fito, wannan sai adirenalin miligiram 0.5 a tsokar cinya nan take.

Ga mai asma ko wanda jininsa ke tangal-tangal, fentanil, wani maganin ciwo irin mofin, ya fi dacewa, don kusan ba ya sakin histamin: maikirogiram 25 zuwa 50, ido a kan numfashi.