Kafin ku sayi karo ruwan toka

Salamu alaikum ƴan uwa. Bara na gyara gidana nan Yamai, na sa karo (wato tayil na daɓen ɗaki) ruwan toka mai duhu, mai ƙyalli. Ranar farko kamar madubi. Da hunturu ya shigo, jar ƙura ta kwanta, sawun kowane yaro sai ya fito. Sharewa sau uku a yini, uwargida har ta daina yi mini magana!

In za ku kasuwar Katako, ku zaɓi toka mai haske ko tsaka-tsaki, marar ƙyalli. Yana ɓoye ƙura, kuma bai cika santsi ba in an zubar da ruwan alwala. Ku duba lambar da ke jikin kwali, duka su zo ɗaya, don toka kala-kala ce, sai an shimfiɗa bambancin yake fitowa. Ku ƙara kashi 10 cikin 100 saboda yanka da fashewa, ragowar a ajiye.

Abin cike tsakanin karo kada ya zama fari, wata biyu ya koma ja. Wanki kuwa, ruwa da sabulu kaɗan ya isa. In ya yi yawa yana barin farin tabo. Asid kada ma ya shigo gidan, yana cinye simintin tsakani.