Yadda Ake Aske Wuya da Aska Ba Tare da Raɗaɗi da Ƙuraje Ba

Wanda ya saba gyaran fuska da aska ya san cewa kumatu ba su cika ba da wahala ba, a wuya ne aikin yake ɓaci. Fatar wurin ba ta da kauri, ga lanƙwasar muƙamuƙi da tudun zakaran wuya, sannan gashin da ke fitowa a nan yakan kwanta ne a jikin fata maimakon ya miƙe tsaye. Ga masu murɗaɗɗen gashi irin namu akwai ƙarin matsala, domin idan aka yanke gashin ƙasa sosai, bakinsa yakan yi tsini, ya lanƙwaso ya soki fata, ko ya ci gaba da girma a ƙarƙashinta, jiki kuma ya ɗauke shi tamkar ƙaya ya kumbura a kansa. Wannan shi ne asalin ƙurajen aski, kuma maganinsu yana farawa ne daga haƙura da neman wuya ya yi sumul ƙwarai.

Matakin farko shi ne a bar fatar ta warke. Idan akwai ƙuraje a wuya yanzu, a ajiye aska na mako 3 zuwa 4, a riƙa rage gashin da almakashi ko kilifa kawai, saboda bin kan ƙurji da kaifi yanke shi yake yi, ya bar baƙin tabo wanda kan ɗauki watanni bai goge ba.

A cikin wannan hutun ne za a gano inda gashin yake fuskanta, kuma wannan ne matakin da mutane suka fi tsallakewa. Bayan gashi ya yi kwana 2 ko 3 da tsirowa, a shafa yatsa a wuya ta kowane ɓangare: inda aka ji santsi nan ne gashin ya kwanta, inda aka ji kaushi kuwa an saɓa masa ke nan. Sau da yawa za a tarar na ƙarƙashin haɓa yana gangarawa ƙasa, na gindin wuya yana hawa sama, na gefen maƙogwaro kuma yana tafiya a karkace ko ma ya yi kewaye. Mutumin da yake jan aska daga haɓa har gindin wuya a layi ɗaya, yana zaton bin gashi yake yi, alhali a rabin hanya ya riga ya koma saɓa masa, kuma a daidai wurin ne ƙurajen suke taruwa.

Sai a duba askar kanta. Dakusasshiyar aska fizgar gashi take yi, tana kuma sa mai aski ya danna hannu, waɗannan biyun kuwa su ne tushen raɗaɗi. A goga ta a fatar wasa aska kafin kowane aski, a kwantar da ita sosai, bayanta ne zai riƙa yin gaba kaifin yana biye, idan kuma hakan bai dawo da kaifin ba, to lokacin dutsen wasa ya yi. Mai amfani da irin askar da ake saka wa rabin reza ya saka sabuwa duk lokacin da zai yi aski. Wanda yake zuwa wurin wanzami ko shagon aski ya fi kyau ya tafi da tasa, domin ƙwayar cutar ciwon hanta nau'in B tana iya rayuwa a busasshen jini har kwana 7 ko fiye, kuma goge aska da tsumma ba ya kashe ta.

Bayan haka a jiƙa gashin. A wanke wuya da ruwan ɗumi, a ɗora tawul mai ɗumi na kamar minti 3, domin gashin da ya sha ruwa ya fi sauƙin yankuwa nesa ba kusa ba. A shafa kumfar sabulun aski mai santsi, kada a bari ta bushe, musamman da hunturu da iska ke busar da ita nan da nan. Ruwa zalla da wasu wanzamai suke shafawa yana iya wadatarwa a askin kai, amma a ganina bai isa ba a wuya.

Wajen askin, a kwantar da aska kusa da fata. Abin da aka saba faɗa shi ne kusurwar digiri 30, sai dai a wuya gara a rage, yadda tazarar da ke tsakanin bayan askar da fata ba za ta wuce kaurin bayan nata sau ɗaya ko biyu ba, saboda askar da aka miƙar tsaye kankare fata take yi. Kada a danna ko kaɗan, a yi gajerun ja, ana bin inda gashin ya kwanta, ana sauya riƙo duk inda ya sauya hanya. Batun jan fata yana buƙatar lura: aska ba ta tafiya lafiya a kan fata mai tattara, don haka dole a miƙe ta da yatsun ɗaya hannun, amma idan aka ja ta da ƙarfi, ko aka ɗaga haɓa har wuya ya ɗame, gashin yakan fito fiye da kima a yanke shi, da an saki fatar sai guntunsa ya koma ciki. A miƙe ta daidai yadda za ta shimfiɗu kawai. A kan zakaran wuya kuwa, a ja fatar gefe a aske ta a inda ba tudu, sannan a yi haka ta ɗaya gefen. Wucewa ɗaya ta isa. Idan dole sai an maimaita, a sake shafa kumfa a bi gashin ta gefe, ba a saɓa masa, kuma ba a mayar da aska kan wurin da kumfa ta riga ta tafi.

Da an gama, a ɗauraye da ruwan sanyi, a shafa jiƙaƙƙen alimun a hankali, a wanke shi bayan kamar minti ɗaya don kada ya busar da fata. Inda ya yi zafi sosai alama ce ta inda hannu ya yi nauyi, sai a kiyaye a aski na gaba. A shafa ɗan man kaɗanya, a nisanci sifirit da turare a wurin. Wuyan riga mai aiki ko wanda ya sha sitaci yana gogar sabon aski, saboda haka mai shirin Juma'a ko Sallah gara ya yi askinsa tun daren jajibiri. A riƙa barin kwana 2 ko 3 tsakanin aski da aski.

Idan aka ga gashi ya lanƙwasa ya shige fata, a ɗago bakinsa da tsinin allurar da aka tafasa, kada a tuge shi, domin sabon da zai fito daga ciki zai sake makalewa. Ƙurajen da suka tara mugunya, da masu tauri da suke fitowa a ƙeya suna haɗewa, aikin likitan fata ne, kuma a dakatar da aska a wurin har sai ya duba.