Kafin ku rubuta takardar neman tallafin shirin kare ɗalibai

Jama'a, masu neman kuɗin tallafi don shirin raba ɗalibai da shaye-shaye da fashin makaranta, shawarata ku fara buɗe rajistar aji tun kafin ku shiga farautar gidauniya.

Ku ƙirga: ɗalibai nawa suka yi fashin kwana goma ko fiye a zangon da ya wuce, nawa aka dakatar, a wane aji abin ya fi ƙamari. Mai tantance takardu ya gaji da karanta "matasanmu na lalacewa", kowa haka yake rubutawa. Lissafin makarantarku kuwa ku kaɗai ke da shi, kuma da shi za a auna ku bayan shekara.

Sai ku duba me kuke so a biya. Ƙa'idojin rigakafin shaye-shaye da UNODC (ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi da laifuka) da WHO (Hukumar Lafiya ta Duniya) suka sabunta a 2018 sun nuna laccar tsoratarwa ba ta hana komai. Abin da ke aiki shi ne darussa a jere kan jure matsin abokai, horar da malamai, da jawo iyaye ciki. A ƙasar Aisland da ke Turai, ta hanyar wasanni bayan tashi da haɗa kai da iyaye, 'yan shekara 15 zuwa 16 da suka bugu da giya cikin wata guda kafin a tambaye su sun ragu daga kashi 42 a 1998 zuwa kashi 5 a 2016.

A kasafi ku ware kuɗin auna sakamako, galibi shi ake mantawa. Kuma ku fara da ƙananan gidauniyoyi, manyan sukan nemi ganin rahoton kuɗin wani aiki da kuka riga kuka kammala.