Yadda ake gyara bishiya idan ganyenta ya koma rawaya saboda ƙarancin sinadarin ƙarfe

Kafin ka sayi komai, tsaya ka duba wane ganye ne ya canza. Idan sabon toho ne na kan reshe ya yi rawaya fayau amma jijiyoyinsa suna nan kore shar kamar raga, to ƙarancin ƙarfe ne, don shi ba ya tashi daga tsohon ganye ya koma sabo. In kuwa tsofaffin ganyen ƙasa ne suka fara kuma gaba ɗaya suka koɗe har jijiyar, wannan ƙarancin sinadarin naitirojin ne, wani zance daban. Lemu da piya sun fi saurin nunawa.

Daga nan sai ka koma gindin bishiyar. Yawanci fa ƙarfen yana nan cikin ƙasa, saiwar ce ta kasa ɗauka. Tona kamar taƙi guda ka damƙi ƙasar, in ta yi caɓal tana ɗigar ruwa to ka rage ban ruwa ka buɗe wa ruwan hanya, saiwar da ba ta samun iska ba abin da za ta tsinana, wani sa'in ma rage ruwan kaɗai ya isa.

Sai awon pH, wato ma'aunin tsamin ƙasa, iya hawan lambar iya raguwar tsamin. Yawancin bishiyoyin 'ya'ya sun fi son wajen 6 zuwa 6.5, da ya haura 7.5 ƙarfen ya ɗaure kenan. Don haka a daina zuba toka a gindi, a kwashe ɓaraguzan siminti da farar ƙasa in akwai don duk suna ɗaga pH, kuma a sassauta da takin fosfet don yawansa na ƙara dagula lamarin.

Maganin gaggawa feshi ne. A jiƙa feros salfet, wato garin sinadarin ƙarfe, giram 5 cikin ruwa lita 1, a fesa da yamma bayan rana ta yi sanyi, a fara gwadawa a reshe ɗaya tukuna don yakan ƙona ganye. Cikin sati biyu za ka ga ɗigo-ɗigon kore a inda ruwan ya taɓa. Amma ganyen da zai fito daga baya bai san an yi ba.

Wanda ya fi daɗewa shi ne takin ƙarfe na kilet da ake sa wa a ƙasa, wato ƙarfen da aka haɗa da wani sinadari da ke hana shi ɗaurewa, kuma don Allah a karanta jikin leda a ga sunan sinadarin. Mai EDTA asarar kuɗi ne in pH ya wuce 6.5, mai EDDHA ake so, garin nan ja mai duhu da ke rina ruwa. A narka shi yadda aka rubuta, a zuba a zagaye daidai inda inuwar rassa ta ƙare, a rufe da ƙasa saboda hasken rana na lalata shi, sannan a ba da ruwa.

Farar wuta da ruɓaɓɓen taki suna sauke pH amma sai an yi haƙurin watanni. Batun buga ƙusa a jikin bishiya kuwa, rauni kawai za ka ji mata, tsatsa ba ta narkewa yadda za ta sha.